Bayan an suɗe kwano: a miƙe ko a kishingiɗa?

Tarbiyyar da yawancinmu muka taso da ita game da abinci a bayyane take: a zauna a ci, in an gama a huta ya kwanta a ciki. Yaron da ya zabura da loma a baki zai ji muryar uwarsa kafin ya kai zaure, "Kai, dawo ka zauna ka ƙarasa." Magidanci kuwa da ya wanke hannu ya yi hamdala, abin da ya rage shi ne ya jawo matashi ya kishingiɗa, rediyo a gefe ko waya a hannu. Sai ga shi a 'yan shekarun nan wata magana ta daban ta shigo, daga bakin likitoci da kuma saƙonnin da ake turawa a WhatsApp, cewa wannan kishingiɗar ce ke barin suga ya yi sama a jini, don haka da an ajiye cokali a miƙe a taka. Wasu ma sun zarce, suna cewa tun ana cikin ci a riƙa motsa ƙafafu, ko a ci a tsaye, ko ana ci ana zagaya ɗaki. Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji na gaske. Masu ɗari-ɗari da shi ma ba surutun banza suke yi ba, kuma a cikinsu akwai likitoci.

Maganar ta shafi gidaje da yawa fiye da yadda ake zato. A ƙididdigar 2021 ta IDF, tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon suga ta duniya, manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon, miliyan 24 daga ciki a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, suka sami kashi 5.77 cikin 100. Arewa maso yamma ce ta fi ƙaranci da kashi 3, kudu maso kudu ta fi yawa da kashi 9.8. Kada ƙarancin namu ya sa a saki jiki, domin abubuwan da binciken ya nuna suna jawo ciwon su ne zaman birni, rashin motsa jiki, yawan shekaru da irin abincin da ake ci, kuma duk muna ƙara shiga cikinsu. Wanda ke sayen allurar insulin ko tsinken gwaji a kemis ya san yadda kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi. Shawarar da ba ta cin ko kwabo ta cancanci a auna ta da kyau, kada a raina ta don araharta, kada kuma a ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Abin da ke faruwa a jiki ba shi da wuyar fahimta. Tuwon shinkafa, waina, burodi, taliya, kokon da aka zuba wa suga, duk hanji na narka su ya mayar da su gulukos ya tura cikin jini. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi sugan jini ya kai ƙololuwa. Wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin, shi kuma ya sa tsoka da hanta da kitse su kwashe sugan su adana. A jikin lafiyayye da wuya awon ya wuce 140 a irin na'urar da ake gwadawa a gida, wato 7.8 a ma'aunin asibitocin Nijeriya da yawa, ko giram 1,40 a na Nijar, kuma cikin awa biyu zuwa uku ya koma inda yake. A jikin mai ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, tsoka ta daina jin maganar insulin sosai, sai sugan ya hau ya daɗe bai sauka ba. Wannan daɗewar ce, shekara da shekaru, ke cin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

A nan masu cewa a miƙe suka kafa hujjarsu ta farko. Tsokar da ke aiki ba ta jiran izinin insulin. Da ta fara motsi, wasu ƙwayoyin furotin masu jigilar suga, waɗanda masana ke kira GLUT4, sai su taso su shiga zuƙar gulukos daga jini, kuma wannan hanya tana aiki har a jikin wanda insulin ɗinsa ya yi rauni. Kamar lungu ne mai magudana ɗaya da ta fara toshewa, ga ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya. Motsa cinya da sha-raɓa buɗe magudana ta biyu ne, kuma amfaninta ya fi yawa idan an buɗe ta ana tsaka da ruwan, kafin ya shiga ɗakuna.

Hujjarsu ta biyu gwaje-gwaje ne. A 2016 mujallar Diabetologia ta buga aikin Andrew Reynolds da abokansa na Jami'ar Otago a ƙasar Niyu Zilan. Mutum 41 ne masu ciwon suga nau'i na biyu. Kowannensu ya yi mako biyu yana tafiyar minti 30 a rana a duk lokacin da ya ga dama, ya kuma yi wani mako biyun yana tafiyar minti 10 bayan kowane babban abinci, sau uku a rana. Jimillar tafiyar da aka umarce su da yi ɗaya ce, lokacinta kawai ya bambanta. A makonnin tafiyar bayan abinci, hawan suga ya ragu da kashi 12 cikin 100 a matsakaici, bayan abincin dare kuwa da kashi 22. Masu binciken sun danganta wannan da cewa abincin dare ne ya fi sitaci, kuma bayansa ne mutane suka fi zama wuri ɗaya. Shekara uku kafin nan, Loretta DiPietro ta Jami'ar George Washington a Amurka ta gwada mutum 10 da suka haura shekara 60, waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Tafiyar minti 15 sau uku bayan abinci ta yi musu aikin da tafiyar minti 45 a ɗauka ɗaya ta yi, ta kuma fi ta a sa'o'in da ke bin abincin dare. A 2023 wasu masana a Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus suka haɗa gwaje-gwaje takwas wuri ɗaya, suka ga motsi bayan abinci ya fi motsi kafin abinci rage hawan suga, kuma gwargwadon saurin tashi gwargwadon amfani.

Ni wannan batu na abincin dare shi ya fi tsaya mini a rai, domin kamar da gidajenmu aka yi maganar. A wurinmu babban abinci na dare ne. Malmala biyu ta tuwon masara ko na shinkafa, miyar kuka ko kuɓewa, wani ya bi da fura ko shayi mai kauri, daga nan sai tabarma ko kujera a gaban talabijin har barci ya ɗauke. Sitaci mafi yawa a wuni yana shiga jiki ne a daidai lokacin da tsoka ta ajiye aiki. Da rana ma ga wasu haka abin yake. A leƙa Kantin Kwari da misalin ƙarfe biyu. Alhaji ya iso shago da hantsi a mota ko a daidaita sahu, ya naɗe ƙafa a kan darduma. Yara ne ke sauko da turamen atamfa daga sama, su ke auna yadi, su ke kai saƙo layin baya. An kawo kular shinkafa da miya daga gida, ga lemo mai sanyi, ya ci ya sha, ya jingina da dilar shadda ya ci gaba da ciniki da baki da waya. Kakansa ya ci tuwon da ya fi wannan yawa, amma ya ci ne bayan ya wuni riƙe da fartanya, gari na wayewa kuma ya koma. Al'adar hutawa bayan abinci ta samo asali ne a lokacin da sauran sa'o'in yini duk aiki ne. Mun riƙe hutun, aikin ya tafi.

To, in motsi bayan abinci yana da wannan amfani, me zai hana a fara tun ana ci? Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da aikin Marc Hamilton na Jami'ar Houston, wanda aka buga a 2022. Ya mai da hankali kan wata tsoka da ke can ƙarƙashin sha-raɓa, soliyos, wadda ba ta saurin gajiya kuma ta fi dogara ga abin da jini ya kawo mata maimakon abin da ta adana. Mutum yana zaune, yatsun ƙafa a ƙasa, yana ɗaga dunduniya yana saukewa. Da aka ba masu gwajin ruwan gulukos suka sha suna wannan motsi, hawan sugansu ya ragu da kashi 52 cikin 100. Adadi ne mai ɗaukar hankali, shi ya sa ya karaɗe wayoyi. Abin da saƙonnin ke tsallakewa shi ne mutanen sun yi awa uku suna ɗaga dunduniyar, a ɗakin gwaji, ana lura da su da na'urori, kuma ba su da yawa. Wanda ya kaɗa ƙafa na minti biyar yana cin ɗanwake bai yi abin da suka yi ba. Bugu da ƙari, a mintunan da ake tauna da haɗiya yawancin abincin yana tumbi, bai kai ga jini ba tukuna.

Ci a tsaye ko ana tafiya kuma yana da nasa aibi. Akwai haɗarin shaƙewa, musamman ga yara da tsofaffi. Wanda hankalinsa ya rabu ba ya lura da ya ƙoshi: a wani gwaji na Jami'ar Surrey a Ingila a 2015, matan da ke ƙoƙarin rage ƙiba da aka sa su ci suna tafiya sun fi cin kayan maƙulashe daga baya fiye da waɗanda suka ci a zaune. Ga Musulmi kuma akwai ladubban ci da sha da aka koya mana tun a makarantar allo, na zama da ambaton Allah da ci da dama da barin ci a kishingiɗe. A wannan gaɓa ina tare da iyayenmu mata ɗari bisa ɗari. A zauna a ci cikin natsuwa. Wanda aikinsa ya ɗaure shi a kujera bayan ya gama, kamar direban doguwar tafiya da ya tsaya hutu ko ma'aikacin banki, ɗaga dunduniya ba zai cutar da shi ba, kuma da babu gara ba daɗi. Amma muhawarar gaskiya tana kan abin da ke biyo bayan lomar ƙarshe.

A nan ne masu ɗari-ɗari ke shigowa, kuma maganarsu ta farko ita ce gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru ne. Mutum 10, mutum 41, kwana biyu, mako biyu. Sun kuma nuna yadda ake kambama sakamako. A 2022 labari ya bazu a jaridun duniya cewa tafiyar minti biyu kacal bayan abinci ta isa. Asalinsa aikin Aidan Buffey ne da abokansa na Jami'ar Limerick a Ayalan, waɗanda suka tattara gwaje-gwaje bakwai suka ga tsayuwa kawai ta rage hawan suga da ƙasa da kashi 10, tafiya a hankali kuma da kusan kashi 17. Sai dai a waɗannan gwaje-gwajen ba sau ɗaya aka yi minti biyun ba. Ana katse zama ne kowane minti 20 ko 30, sa'o'i da yawa a jere. A ɗaya daga cikin fitattun irin waɗannan gwaje-gwaje, wanda David Dunstan ya jagoranta a Melbourne ta Ostareliya a 2012, minti bibbiyun da aka tara cikin awa biyar sun kusa rabin awa. Wanda ya zagaya tsakar gida sau ɗaya ya dawo ya kwanta yana ganin ya sauke nauyi, an ba shi rabin labari ne.

Maganarsu ta biyu ta fi nauyi, kuma ban ga an ba ta cikakkiyar amsa ba. Rage hawan suga na awa biyu abu ne da na'ura ke nunawa. Abin da mai ciwo ke so shi ne kada ya makance, kada ƙodarsa ta lalace, kada zuciya ta buga. Shin rage wancan yana kai wa ga wannan? Akwai wani magani, akabos, wanda aikinsa kawai shi ne jinkirta narkewar sitaci a hanji don kada suga ya yi tsalle bayan abinci. An gwada shi a ƙasar Sin kan mutum 6,522 masu ciwon zuciya waɗanda sugansu ya fara hawa, aka bi su kimanin shekara biyar, aka fitar da sakamako a 2017. Bai rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Masu cewa a miƙe sukan amsa da cewa a wannan gwajin dai yawan waɗanda suka kamu da ciwon suga ya ragu da kashi 18, kuma tafiya ba ƙwaya ba ce, tana taɓa hawan jini da ƙiba da barci da ƙarfin ƙafa gaba ɗaya. Gaskiyarsu ne. Duk da haka, hujja mafi ƙarfi da ake da ita ta tsaya ne kan jimillar motsi tare da rage ƙiba. A babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002, mai mutum 3,234, waɗanda aka sa su motsa jiki minti 150 a mako su kuma rage kashi 7 na nauyinsu sun sami raguwar kamuwa da kashi 58, masu shan maganin suga metfomin kuma kashi 31. Ba a ce musu lallai sai bayan abinci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 zuwa 300 a mako ta ce, ba ta ɗaure shi da lokacin ci ba.

Akwai kuma tsoron da ake jefa wa masu lafiya. Hawan suga bayan abinci ba cuta ba ne, haka jiki ke aiki. Manomin da ya wuni yana huɗa, ɗan dako, mai tura kurar ruwa, matar ƙauye da ta yi surfe da daka ta ɗebo ruwa a rijiya, waɗannan in sun ci suka kishingiɗa haƙƙinsu suka karɓa, kuma babu dalilin sa musu waswasi.

Abin da ya fi damun likitocin da ke ganin marasa lafiya kullum shi ne yadda mutum ke mayar da ƙaramar shawara lasisi. Tafiyar minti 10 a hankali ba ta ƙona abin da ya kai rubu'in kuzarin da ke cikin babbar robar lemo, wadda kan iya ɗauke da suga wajen giram 50, wato ƙwaya goma ko fiye ta sugan kwali. Wanda ya ƙara malmala ko ya sha lemo da niyyar zai taka ya goge, ya ci bashin da tafiyar ba za ta biya ba. Mafi muni shi ne wanda ya ga awonsa ya ɗan sauka ya ajiye magani ba tare da sanin likita ba. A ƙasar da kuɗin magani ke cinye albashi, wannan jarabawa ce ta gaske, kuma ba na ganin laifin talakan da zuciyarsa ta raya masa haka. Amma ciwon ba ya jin uzuri.

Sannan akwai waɗanda tafiyar kanta ke iya zame musu haɗari. Dattijo ne ya sha ƙwayar maganin sugansa ta Daonil, ko ya yi allurar insulin kafin abinci, sai tuwon bai yi masa daɗi ba, ya yi loma kaɗan ya ture kwano. Ya ji an ce tafiya bayan abinci na da kyau, ya ɗauki sanda ya fita. Kafin ya kai ƙarshen layi zufa ta karyo masa, hannu na karkarwa, zuciya na dukan uku-uku, magana ta fara harɗewa. Masu wucewa za su ce hawan jini ne, wani ma ya ce iska ce. Suga ne ya faɗi ƙasa da 70, kuma abin da zai cece shi a take ƙwayar suga uku ko huɗu ce ko rabin kwalbar lemo, a jira minti 15 a sake dubawa. In ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, sai asibiti. Metfomin shi kaɗai da wuya ya jawo haka, amma insulin da dangin Daonil suna yi. Mai ciwon zuciya shi ma yana da nasa: bayan abinci mai nauyi jini na karkata zuwa hanji, zuciya na ƙara aiki, sai hawan 'yar gangara ya tayar masa da ciwon ƙirji. Wasu tsofaffi kuma jininsu kan sauka bayan ci, su miƙe jiri ya kwashe su. Ga batun ƙafa. Wanda ciwon ya daɗe a jikinsa yakan daina jin tafin ƙafarsa, ya taka ƙusa ko ƙaya cikin duhu da silifas bai sani ba, sai bayan kwanaki a ga gyambo. Da yawan ƙafafun da ake yankewa a asibitocinmu daga irin wannan ɗan rauni suka fara.

Na ƙarshe shi ne yanayin wurinmu. Yawancin gwaje-gwajen nan an yi su a garuruwa masu sanyi da hanyoyin masu tafiya a ƙasa. Ka ce wa mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya fita tattaki da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka ba shi shawarar da za ta kai shi ga ƙarin ruwa a asibiti. Ƙailula ba lalaci ba ce a irin wannan ƙasa. Da dare kuma akwai unguwannin da babu fitila, akwai masu ƙwacen waya, akwai garuruwan da rashin tsaro ya sa kowa ke rufe ƙofa da wuri.

Da na auna ɓangarorin biyu, abin da na lura shi ne babu ko ɗaya cikin hujjojin masu ɗari-ɗari da ta ce tafiya bayan abinci ba ta sauke suga. Duk suna magana ne kan wa zai yi, yaya zai yi, da kuma me zai sa rai da shi. Don haka na fi karkata ga masu cewa a miƙe, da sharuɗɗan da ɗaya ɓangaren ya gindaya. In dai minti 150 ɗin nan na mako dole ne a yi su, kuma gwajin Otago ya nuna minti 30 ɗin da aka raba bayan abinci ya fi wanda aka yi a kowane lokaci amfani ga suga, to hankali ya ce a ajiye su inda suka fi riba. Akwai kuma wani amfani da na'ura ba ta aunawa: abin da aka ɗaura wa cin abinci ba a cika mantawa da shi ba, tunda babu ranar da ba a ci. Mutane nawa ne suka sayi takalmin gudu suka yi mako guda suna fita da asuba suka bari? Tafiyar bayan tuwo ba ta bukatar kaya ko fili, kuma tafiya a hankali ba ta hana narkewar abinci. Motsi mai tsanani irin gudu ko ƙwallo shi ke sa ciki ya murɗa, kuma shi ne iyaye ke hana yara, da gaskiyarsu.

Rigimar da ke tsakanin wannan shawara da al'adarmu ma ba ta kai yadda ake ɗauka ba. Hujja ta fi ƙarfi a kan abincin dare, saboda haka mai ƙailula ya yi abarsa lokacin zafi, in ya so ya fara taka 'yan mintuna a inuwar rumfa ko barandar ofis kafin ya kwanta. A gidaje da yawa kuma ana cin tuwo tsakanin magariba da isha'i, a wanke hannu a nufi masallaci. Wanda ya tafi da ƙafa, ya yi salla da tsayuwarta da ruku'unta da sujadarta, ya dawo da ƙafa, ya riga ya yi rabin abin da ake nema. In ya zaɓi bin doguwar hanya a dawowa, ko ya raka maƙwabci ƙofar gida ya juyo, ya cika. Ba don suga aka shar'anta salla ba, kuma ba na son a mayar da ibada atisaye, amma amfanin jiki da ke biyo ta ba abin ƙi ba ne. A watan azumi abin ya fi fitowa fili: buɗa-baki da dabino da kunu da ƙosai da kankana, sannan asham. Ƙa'idojin da IDF ta fitar tare da ƙungiyar DAR, mai nazarin ciwon suga da azumi, sun ce a lissafa sallar asham cikin motsa jikin yini. Wanda ke cin babban abincinsa bayan asham ya kwanta a kai, shi ne ya kamata ya sake tsari.

Waɗanda wannan tsari na masallaci ya bari a baya su ne mata, kuma su na fi jin tsoro a kansu. Uwargida a birni da ta haura shekara 45, ta haifi 'ya'ya, ƙiba ta zo, gwiwa ta fara ciwo, 'yan mata sun karɓi shara da wanke-wanke da girki, injin niƙa ya karɓi daka, famfo ko ɗan garuwa ya karɓi ɗiban ruwa. Girmamawa ce ta sa ba a barin ta ta ɗaga ko tsinke, amma girmamawar na iya zaunar da ita wuri ɗaya daga asuba zuwa dare. In ta taɓa yin sugan ciki lokacin goyon ciki, haɗarin kamuwarta ya ninka. Ba sai ta fita titi ba. Tsakar gida ta isa: daga ƙofar ɗaki zuwa madafi zuwa zaure a dawo, minti 10 zuwa 15, da takalmi mai rufi, ita da kishiya ko 'ya ko jika ana hira. Kwashe kwanuka da kanta, share gaban ɗaki, shanya, duk motsi ne. Abin da ake bukata daga maigida da 'ya'ya shi ne kada su ce mata "Hajiya, zauna ki huta" a daidai lokacin da tashin ya fi yi mata amfani, kuma kada a yi mata dariya in an ga tana zagaye.

Mai allurar insulin, mai shan Daonil ko danginsa, mai ciwon zuciya da mai rauni a ƙafa su fara tambayar likitansu, su riƙa fita da ƙwayar suga a aljihu, su duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Wanda ke da na'urar gwaji a gida kuma yana iya gane wa idonsa ba sai an ba shi labarin Otago ba. Ya zaɓi dare biyu, tuwo iri ɗaya, malmala daidai, miya ɗaya, magani a lokacinsa. Ya auna kafin ya fara ci, ya sake aunawa awa biyu bayan lomar farko. Daren farko ya zauna kamar yadda ya saba, dare na biyu ya taka minti 10 zuwa 15 da ya wanke hannu. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, domin rashin barci da zazzaɓi da ɓacin rai duk suna motsa suga, saboda haka ya maimaita a wani makon in tsinken gwaji ya samu. Ya rubuta lambobin a littafi da kwanan wata da abin da ya ci, ranar asibiti ya tafi da shi, likita ya duba ya ce ko a taɓa magani ko a bar shi yadda yake.